Ranar da na tsayar da binciken jini

Ana gama azahar aka iso da yayata daga Tsafe, kwance a bayan mota, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Ni kuwa a wannan asibitin na Gusau nake aiki, ni ke kula da rumbun bayanai na kwamfuta. Likita ya leƙo ofishina ya ce irin jininta mai wuyar samu ne, babu ko leda ɗaya a firij, in duba masu ba da jini. Ya ƙara da cewa in hanzarta, don la'asar na sakaliya ba mai yarda ya hau hanya daga ƙauye. Wannan kowa ya sani.

Mutane muna da su. Duk damina da kaka an bi masallatan Juma'a da kasuwannin Bungudu da Bilbis ana gwada jinin manoma da makiyaya ana shigar da sunayensu cikin rumbun. Na rubuta tambayata: mai irin wannan jinin, wanda bai bayar kwanan nan ba, mafi kusa. Na danna, alamar jira ta fara juyawa.

Inna ta biyo ni, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofa. Mace ce da ko rediyo ba ta yarda da shi ba, yau ga ta ta zuba wa allo ido ko ƙiftawa babu.

"Mi ta ce?"

"Tana nema, Inna."

Ta yi ta nema. Na buɗe ƙididdigar jerin sunayen, wato ɗan taƙaitaccen bayanin da rumbu ke ajiyewa game da kansa: layi nawa ne a ciki, wane irin jini ya fi yawa. Da shi yake zaɓar hanyar da zai bi in an tambaye shi. Kwanan watan da na gani na ranar da aka kafa na'urar ne. Waɗanda suka kafa ta sun saita ta ta riƙa sabunta ƙididdiga da tsakar dare, mu kuma ana kiran magariba mai janareta ke kashe wutar ofisoshi don man ya kai wa ɗakin tiyata. Ashe baiwar Allah har yanzu gani take mutanen 'yan tsiraru ne, shi ya sa take bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince shinkafa.

Tsoro irin na lokacin ban taɓa jin sa ba. In na bar ta, ƙila ta gama yanzu, ƙila sai gobe. In na tsayar na tattara sabuwar ƙididdiga, duk abin da ta nema ya tafi, kuma ban san tsawon lokacin da tattarawar za ta ci ba.

Na tsayar. Alamar ta ɓace, Inna ta miƙe tsaye.

"Kashe ta ka yi? Ɗiyata na can kwance, kai ka kashe abin ga?"

Na sa umarnin tattarawa, na riƙe bakin tebur ina salati. Da ya gama na duba, adadin layuka ya koma na gaskiya. Na sake danna tambayar, kafin in janye yatsana sunaye sun fito. Na farko wani makiyayi ne a Furfuri. Aka kira shi, ya zo a kan babur da sandarsa, ya miƙa hannu, ya koma da sauran rana.

Yayata ta tashi, ɗanta yanzu har ya fara gudu. Makiyayin nan Inna na aika masa da dakuwa duk sallah. Ni kuwa, duk baƙon da ya zo gida sai ta ba shi labarin yadda na kashe na'ura 'yar'uwata na zubar da jini. Ban taɓa yi mata gardama ba, don a lokacin da allon nan yake fayau, ni ma ban san ko na kashe yayata ba.