Anko Ɗaya da Bokiti

Ko zan manta da komai na sana'ar nan, ba zan manta da ranar da bakina ya fara furta "albarka" a kan aikin hannuna ba. Ku da kuka zo shagon nan kuka tarar da takardar farashi manne a bango, kuna zaton tun asali haka abin yake. Ina! Ku ajiye kyamarorin nan ku gyara zama ku ji.

Shekara uku na yi ina koyon hoto wurin Malam Lawal, a shagonsa na Ƙofar Guga. Shekarar farko riƙon fitila da ɗaukar jaka ne nawa. Ta biyu ya zaunar da ni gaban kwamfuta ina gyara, wato a daidaita haske, a share ƙurajen fuska, kafin a kai a wanke. Sai a ta uku ya miƙo mani kyamara. Dalilin da ya sa ya ɗauki mace kuwa a fili yake: akwai ɗakunan da namiji ba ya shiga. Ranar sa lalle, ko lokacin da amarya ke shiri da ƙawayenta kai ba ɗankwali, ni ake turawa ciki, shi yana can waje wurin ɗaurin aure.

Ranar da ya yaye ni, ya sa na ɗauko takarda da biro. Ya ce in rubuta kuɗin mota, kuɗin wanki, kuɗin albam, da kwanakin da zan yi ina gyara. Ya ce, "Ita ma kyamara tsufa take da kowane danni, ki ware mata nata. Abin da kika ɗora a kan wannan duka, shi ne ladan wahalarki." Muka fitar da aiki kala uku: ƙarami na wuni ɗaya, matsakaici na kwana biyu, da babba wanda ya haɗa biki gaba ɗaya da albam. Na naɗe takardar na jefa a jaka.

Na sayar da 'yan kunnena na gwal, na haɗa da kwasar adashi, na sayi kyamara ta hannu. Maigidana Malam Bashir, malamin firamare ne, mutum mai haƙuri amma mai magana ɗaya. Ya ce, "Saratu, ban hana ki ba. Shekara guda na ba ki. In ta zagayo kyamarar nan ba ta ciyar da kanta ba, a sayar a sayi firiza, ki riƙa yin ƙanƙara da zoɓo." Na ce na yarda, har da dariyata.

Aiki kuwa na samu, kar ku ce ban samu ba. Kusan kowane mako ina gidan biki. Sai dai takardar nan ba ta taɓa fitowa daga jaka ba. Da uwar biki ta ce, "Nawa ne aikin naki?" sai kunya ta kama ni, in ce, "Haba Hajiya, ai ni 'yar gida ce, duk abin da ya sauƙaƙa." Sai a aiko mani da anko kyauta, ni kuma in ji daɗi an ɗauke ni dangi, in biya tela ya ɗinka, in saka in tafi. To wa ke biyan dangi? In an tashi sai a ce sannu da ƙoƙari, a cusa mani ɗan abin napep a hannu, a haɗa ni da bokitin roba irin wanda ake raba wa 'yan biki. Wallahi har da wanda hoton amaryar da ke manne a jikinsa ni na ɗauka, ni na wanke da kuɗina. Kicin ɗina ya cika da bokitai. Malam Bashir in ya shigo sai ya ce, "Sannu da riba, uwargida, yau shuɗi aka samo?"

A wata na goma sha ɗaya ya daina tsokanar. Wannan ya fi tayar mani da hankali. Wata rana zan yi wanki na ga wata 'yar takarda a aljihun rigarsa, ashe ya riga ya je ya tambayo kuɗin firiza. Na zauna bakin famfo na yi kukana na share.

A makon ne aka yi sallama da leda a hannu. Wai saƙo ne daga Hajiya Kulu mai atamfa, ta Ƙofar 'Yandaka, za ta aurar da ɗiyarta Nafisa, ma'aikaciyar jinya, kuma ni take so in ɗauki hoton ɓangaren mata tun daga lalle har buɗar kai. Na buɗe leda: anko ne, atamfa mai ruwan zuma, irin wadda ban taɓa ɗaurawa ba. Kai! Na yi tsalle a tsakar gida kamar yarinya. Duk wanda ya san Babbar Kasuwa ya san bikin gidan Hajiya Kulu, matan gari kaf za su zo. Washegari da hantsi na yafa mayafi, na saka ledar a jaka don in biya wurin tela, na ce bari in fara tsayawa kasuwa in yi godiya.

Na tarar da ita a rumfa tana ciniki da wata mata, ta nuna mani benci na zauna. Daga hirarsu na gane ƙanwarta ce, Asabe, uwa ɗaya uba ɗaya. Asabe ta ɗaga wani turmi ta taya. Hajiya ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Albarka." Kun san dai maganar kasuwa, in mai kaya ya ce albarka, tayin bai kai ba ke nan.

Asabe ta ce, "Haba Yaya, ni ce fa!"

Ta ce, "Ke ce mana. Shi turmin ya san ke ce? Ƙara dai."

Suka yi ta ja suna dariya har Asabe ta ƙara, Hajiya ta ce ta sallama. Da ta karɓi kuɗinta ta adana, sai ta jawo wani ɗankwali mai kyau ta ɗora mata a kai, ta ce a kai wa yara gaisuwa. Asabe ta tafi tana murna. Ni kuwa ina zaune baki buɗe. Ba wanda ya ji haushi, ba wanda ya ce an ci zumunci.

Hajiya ta juyo. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara, na tambayi kasuwa da hidimar biki, na yi godiyar anko. Sannan ta ce, "To ɗiyar nan, mi za a ba ki na aikin?"

Ga "duk abin da ya sauƙaƙa" nan ta taso har ta iso maƙogwarona. Sai firiza ta faɗo mani a rai. Na zura hannu a jaka na lalubo takardar Malam Lawal, duk ta yi laushi, ninkin ya kusa yagewa. Na karanta mata kuɗin babban aiki. Ba zan faɗa maku adadin ba, don kuɗin lokacin in kun ji dariya za ku yi.

Hajiya ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Hoto fa aka ce, ba saniya ba. Abin da dannawa kawai ake yi?" Ta taya rabi.

Ni dai ban san lokacin da ta fito ba. Na ji bakina ya ce, "Albarka, Hajiya."

Na ce a raina, shi ke nan Saratu, kin kashe kanki, ga biki ya tafi ga kyamara ta tafi. Hajiya ta sauke tabarau ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Mi kika ce?"

Na ce, "Albarka na ce, ranki ya daɗe."

Sai ta fashe da dariya har tana buga cinya. Ta leƙa rumfar maƙwabta ta ce, "Ku zo ku ji, mai hoto ta ce mani albarka!" Da ta lafa ta ce, "Kin san abin da aka faɗa mani a kanki? Matan da suka ba ni lambarki cewa suka yi, yarinyar nan ta iya hoto, kuma ba ta da tsada, anko ɗaya da bokiti ya ishe ta. Shi ya sa na fara aika maki da anko."

Maganar nan ta soke ni, ba zan ɓoye maku ba. Ashe duk watannin nan ina da farashi a gari, ni kaɗai ce ban sani ba. Amma maimakon in yi sanyi sai na ji wani ƙarfi ya zo mani. Na ciro ledar ankon na ɗora a kan teburinta da hannu biyu. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. In na saka wannan, 'yar biki ce ni, zama zan yi in ci shinkafa. In aiki kike so, a bar ni in zo da kayan aikina."

Ta ce, "Iye! To zauna mu yi ciniki."

Kai, ranar na sha daɗin ciniki! Ta ce in rage. Na ce zan rage, amma sai dai in rage aikin: a cire albam, ko a cire ranar lalle. Na ce, "Hajiya, in mutum ya zo da kuɗin yadi uku, kina yanka mashi turmi guda?" Ta ce, "Allah ya kiyaye." Na ce to ni ma haka. Na bayyana mata cewa dannawar da take gani ita ce mafi sauƙi, bayan an watse ni kwana huɗu zan yi gaban kwamfuta ina tsince hotuna ɗaya bayan ɗaya, na wadda ta rufe ido a cire, na wadda ke tauna nama a cire. Ta ce lallai a cire nata in tana tauna. Ta ƙara, na ce albarka. Ta sake ƙarawa, na sake cewa albarka, wannan karon har da murmushina. Daga ƙarshe ta ce ba a cire mata komai, babban take so, ta biya yadda yake a takarda in ƙara mata hoto ɗaya babba na bango. Na lissafa a raina na ga bai taɓa ribata ba. Na ce, "Na sallama."

Nan take ta ba ni rabi kafin alƙalami, sauran sai ranar da na kawo albam. Ta mayar da ankon cikin kaya.

Ban san yadda na fito daga kasuwar ba. Na wuce masu hatsi, na wuce masu tumatir ina ta murmushi ni kaɗai, har wani ɗan acaɓa ya ce, "Hajiya lahiya dai?" Na ce lahiya lau, sai alheri! Ina isa gida na tarar Malam ya dawo daga makaranta yana alwalar azahar. Na tsaya a kansa na ce, "Malam, albarka!" Ya ce, "Albarkar mi?" Na ce, "Firizarka. Albarka!" Na ba shi labari ina haɗa magana biyu-biyu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Biki ɗaya ba shekara ba ne, Saratu. Amma na ji abin da ban taɓa ji ba. A je a yi."

Ranar wuni na shiga gidan da doguwar riga baƙa, jaka a kafaɗa, mata ɗari cikin ruwan zuma ni kaɗai daban. Kun san wani abin mamaki? Ranar aka fi jin maganata. In na ce a matsa hagu sai a matsa. Ba wadda ta miƙo mani jariri ta ce in riƙe mata, ba wadda ta aike ni ɗebo ruwa, abin da a da kullum sai an yi. Ina tsaye kan kujera ina ɗaukar dangin ango na ji wata na tambayar Hajiya nawa nake karɓa. Hajiya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Wannan? Ki shirya. Ni nan sau uku ta ce mani albarka." Kafin a kai amarya mata biyar sun karɓi lambata. Biyu da suka ji kuɗin ba su sake kira ba, na kuwa ji zafi. Uku suka biya. Da shekara ta cika, Malam da kansa ya yaga takardar firizar a gabana.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanenmu ba ƙin biya suke ba. 'Yan kasuwa ne jikokin 'yan kasuwa, sun san ciniki, suna ma jin daɗinsa. In kin ƙi faɗin kuɗinki, su za su yanka maki, kuma ba za ki so abin da za su yanka ba. A fara gama ciniki, a rubuta, a karɓi kafin alƙalami. Kyauta in za ta zo, ta zo daga baya.

Tawa ma ta zo. Ranar da na kai albam rumfa, Hajiya ta buɗe shafi-shafi, da ta iso hoton da Nafisa ta kwantar da kai a kafaɗarta sai ta goge ido da bakin mayafi. Ta cika mani kuɗina cif. Sannan ta jawo leda daga ƙarƙashin tebur ta ɗora mani a cinya. Ankon nan ne mai ruwan zuma.

Ta ce, "Wancan karon biya ne. Yanzu kyauta ce, karɓi."

Na ɗinka shi, amma ban saka ba sai ranar sunan ɗiyar Nafisa ta fari. Na je ba kyamara, ba jaka, na zauna na ci shinkafata har da ƙari. Hajiya ta jawo ni gefenta ta sa aka ɗauke mu da waya. Shi ne hoton nan da ke bayan teburina, wanda kullum kuke cewa ya karkace kuma hasken bai yi ba. Na sani. A duk bukukuwan da na yi shekaru ina zuwa, shi ne na farko da na fito a ciki, don haka ba mai taɓa mani shi.