Kabewar da Inna Ta Dafa

Wasu shekaru can baya, lokacin 'yata ta fari tana da shekara tara, mahaifiyata ta zo daga Kano ta yi wata biyar tare da mu a Annandale, nan Amurka. Inna muke ce mata, ni da yarana biyu duka. Sunanta aka sa wa 'yar tawa, saboda haka tun a filin jirgi ta fara kiranta "takwara", kuma tun daga ranar gidanmu ya daina shiru. Inna ba ta jin Turanci ko na gaisuwa. Yarinyar tana jin Hausa, amma da Turanci take mayar da amsa. Duk da haka sai in same su a falo suna ta tsokanar juna, Inna tana ce mata 'yar Amurka mai gudun yaji, ita kuma tana ɓoye mata carbi. In magana ta cakuɗe musu sai su ƙwala mini kira, in fito daga kicin in yi musu tafinta. Har wani alfahari nake yi da wannan muƙamin nawa, kamar an naɗa ni jakadiya.

Muna da wata al'ada da ba daga gida muka zo da ita ba, a nan muka tsince ta. Duk watan Oktoba, idan ganyen bishiyoyi ya rikiɗe ja da rawaya, aka fiddo rigunan sanyi, sai mu ware Asabar guda mu tafi wata gona can gaba da Manassas. A hau keken da tarakta ke ja, a tsinko tuffa, kowane yaro ya zaɓi kabewarsa, sannan in tsayar da su jikin wani katako mai gwada tsawo in ɗauke su hoto. Maigida ya hana su shigar dodanni da bin gidaje neman alewa irin wanda yaran Amurka ke yi a ƙarshen watan, to gonar ce muka ba su a madadin haka. Da na yi wa Inna bayanin bin gidajen, cewa ta yi, "Ashe su ma suna tashe." Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne kabewa zube a ƙofar gidajen maƙwabta, kurege na gwaguya. Duk inda muka wuce sai ta girgiza kai ta ce, "Abinci a bakin ƙofa! Allah ya shirya." Ni dai dariya nake yi in ce mata ado ne.

A shekarar ne makarantar su 'yata ta sa gasar ƙawata kabewa, ranar Litinin za a kai. Yarinyar nan ta yi mako guda tana zane a takarda, ta hana kowa gani. Da muka je gona ranar Asabar ta ƙi duk jajayen da ƙaninta ke rungumo mata. Sai da ta zagaya filin kusan awa guda kafin ta ɗago wata mai launin toka-toka, fatarta sumul. Inna ta karɓa, ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta kara kunne, ta ce, "Kai, takwara, kin iya zaɓe! Wannan ta nuna." Yarinyar ta washe baki. Ita ta ɗauka kyan kabewar ake yabo, Inna kuwa cikinta take yabo. Ina tsaye a wurin, na ji su duka biyun, amma hankalina yana kan waya ina neman inda haske ya fi kyau. Tafintar gida guda, ban buɗe baki ba.

Da muka dawo ta ƙi ajiye ta a waje saboda kurege, ta ɗora ta kan teburin kicin. Washegari Lahadi na kai yaran Islamiyya, na biya cefane, muka dawo wajen azahar. Tun daga bakin ƙofa ƙamshi ya tare mu. Miyar taushe ce irin ta Inna, da gyaɗa da yakuwa da daddawa, ga tuwon shinkafa an mulmula an jera. Rabona da wannan ƙamshin tun ina budurwa, har na lumshe ido. Sai na ji muryar 'yata, da Hausa tsantsa, abin da ba ta cika yi ba.

"Inna, ina kabewata?"

Inna ta buɗe tukunya tana murmushi. "Ga ta nan, takwara. Zauna in zuba miki. Saboda ke ma ban cika attaruhu ba."

Yarinyar ta leƙa tukunyar, ta dubi ɓawon da ke cikin kwandon shara. Sai ta fashe da kuka, ta yi ihu da Turanci cewa ta tsani Inna, ta koma ƙasarsu, ba wanda yake son ta a nan. Ta haye sama da gudu ta bugo ƙofa.

Inna ta tsaya da ludayi a hannu. "Me ta ce?"

Na ce, "Shirme ne kawai, Inna, rabu da ita."

"A'a. Wannan ba kukan shirme ba ne. Gaya mini."

Zagin dai ban fassara mata ba, amma na gaya mata maganar gasar. Ta ajiye ludayin a hankali ta nemi kujera ta zauna. Ta ce, "Innalillahi. Ke kuma me ya hana ki sanar da ni?" Sannan ta ce, "Hau ki ce mata ta yafe mini. Ki ce ban sani ba, na zaci don miya ta zaɓo mana. Ki faɗa mata da yarensu don ta ji da kyau. Da gwiwar nan za ta bar ni, da ni zan hau da kaina." Ciwon gwiwa ya sa tun zuwanta a ɗakin ƙasa take kwana, ba ta taɓa taka benen ba.

Na kama hawa da saƙon a bakina. Amma kafin in kai sama zuciya ta ɗebe ni. Uwata, da ta ƙetare teku ta zo gidana, 'yar cikina ta ce mata ta koma inda ta fito, sannan kuma ita ce za ta ba da haƙuri? Kunya ta rufe ni. Na riƙa jin kamar duk dangi sun taru suna kallona suna cewa ga tarbiyyar Amurka nan. Inda na tashi yaro ke durƙusawa, ban taɓa ganin an juya abin ba. Na tura ƙofa na same ta kife a gado. Na ce mata ta ɓata wa Inna rai ɓacin da ba a taɓa yi mata ba, kuma Inna ba ta son ganinta sai ta sauko ta durƙusa ta nemi gafara.

A gefenta na ga takardar da take ɓoyewa. Zanen lalle ne, irin wanda Inna ta yi mata a hannu da Babbar Sallah, ta kwaikwaye shi ganye-ganye. Cikin kuka ta ce shi za ta zana a jikin kabewar, ta so ne Inna ta gani ta yi mamaki. Na ce wannan ba uzuri ba ne, na fito.

Inna tana jirana a gindin bene. "Kin faɗa mata?"

"Na faɗa."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

Ta gyaɗa kai. "To, a bar ta ta huce. Tana da gaskiya."

Kwana goma suka rage wa Inna ta koma. Ni a lissafina yarinyar za ta sauko kafin magariba, ta durƙusa, sai in fito da saƙon daga baya kowa ya yi dariya. Na manta taurin kan wa ta gado. Ba ta sauko ba. Babanta ya sayo mata wata kabewar da yamma, ko kallonta ba ta yi ba, gasar ma ba ta shiga ba. Da safe sai ta gaishe da Inna daga nesa, kanta a ƙasa, ta fice wajen motar makaranta. Ita tana ganin ba a son ganinta, Inna tana ganin an ƙi yafe mata, don haka ta ja jikinta don kada ta takura wa yarinya. Sau ɗaya na ji ta ce, "Takwara..." yarinyar ta zabura ta bar wurin. Maigida ya ce, "Ki sasanta su mana, kwanaki na tafiya." Na ce ya bar ni, tarbiyya nake yi. Haka fa na faɗa, da bakin nan nawa.

Ranar tafiya, a mota, Inna ta miƙo mini wani ƙulli a tsumma. 'Ya'yan kabewar ne, ta wanke ta shanya a bakin taga. Ta ce, "Ki ba takwara. In sanyi ya wuce ta shuka, ta sami wata." Na dawo gida na jefa ƙullin a durowar kicin, na ce sai ranar da ta nemi gafara. Ai Inna za ta dawo baɗi, a gaban katakon nan na gona ma za su shirya.

Inna ta rasu da daminar da ta biyo, bayan jinyar kwana huɗu. Ban ko sami jana'iza ba. Oktoban shekarar ba wanda ya ambaci gona. Shekarun da suka biyo muka koma zuwa saboda ƙaninta, amma ita kullum da dalili, yau aikin makaranta, gobe ciwon kai. A hotunan jikin katako sai yaro ɗaya. Na gaya wa kaina girma ne, 'yan mata haka suke. Can ƙasan raina kuwa na san ba haka ba ne, tsoron taɓo maganar nake yi.

Tana da shekara goma sha huɗu na yi ƙarfin halin dafa miyar taushe, karo na farko tun ranar. Ina cikin juya gyaɗa ta shigo ta jingina da firij. Sannan ta tambaye ni da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, ko ina ganin Inna ta yafe mata kafin ta rasu. Ta ce kullum in ta idar da salla sai ta roƙi Allah ya isar mata da ban-haƙurinta, amma ba ta san ko ana karɓa ba idan mutum ya tafi yana fushi da kai.

Na kashe wuta. Na gaya mata komai, yadda Inna ta zauna a kujerar nan, da kalmomin da ta ba ni, da inda na yar da su.

Ta dube ni kamar baƙuwa. Sai ta koma Hausa. "Ita ce ta ba ni haƙuri?"

"Ita ce."

"Ba ta ce ba ta son ganina ba?"

"Ba ta taɓa faɗa ba. Ni na faɗa."

"Zanen fa, Mama? Kin gaya mata lallenta ne?"

Na ce ban gaya mata ba. A nan ne hawayenta suka zubo. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi mini. Cewa kawai ta yi, "Shekara biyar, Mama." Na jawo durowa na lalubo ƙullin daga ƙarƙashin tarkace na sa mata a hannu. Sannan na yi abin da a da na ga uwata ta fi ƙarfinsa, na ce wa 'yar cikina ta yafe mini. Ba da sauƙi ya fito ba, amma da ya fito sai na ga kalma uku ce kawai.

Ba ranar ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ɗauki makonni tana amsa mini da i ko a'a. Da sanyi ya wuce muka shuka 'ya'yan a bayan gida, muna ba su ruwa safe da yamma. Ko ɗaya bai tsiro ba, sun daɗe da yawa a durowa. Uku ta rage, suna cikin wata 'yar kwalba a kan teburin karatunta har yau.

Yanzu shekararta goma sha bakwai, baɗi war haka tana jami'a. Mun shirya tuni, har tsokanata take yi wai an sauke ni daga tafinta saboda cin amanar aiki. Oktoban da ya wuce ita ta tuƙa mu zuwa gonar. Ta tsaya jikin katakon, ta wuce layin ƙarshe. Na ga ta ɗauki kabewa ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa ta kara kunne, sai na juya kamar ina neman wani abu a jaka.

Na daɗe ina cewa al'ada ce ta sa ni. Ba gaskiya ba ne. Inna ta fi ni sanin al'ada, kuma ita ba ta ga ƙasƙanci a ba jikarta haƙuri ba. Ni ce nake tsoron a ce na lalata 'ya'ya a ƙasar mutane, tsoron ya sa na fi mai abin zaƙewa. Ku da kuke tsaye tsakanin iyayenku da 'ya'yanku kuna kai magana, don Allah ku kai ta yadda aka ba ku.

'Yata ta ji saƙonta, ko da a makare. Inna ce ba ta ji nata ba. Ta tafi tana zaton takwararta ta ƙi yafe mata, ba ta san lallenta aka so zanawa ba, kuma wannan ba ni da inda zan kai shi sai addu'a. Har yanzu a gidan muke. Na ƙirga matakalar benen nan, goma sha huɗu ce. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe na zubar da saƙon uwata, kuma kullum sai na taka su.