Tukur da Gaurakin Fadamar Gubuchi

An haifi Tukur a Gubuchi a 1961, a gidan manoman rake. Yana yaro, gauraki kan sauka a fadamar garin fiye da arba'in, tuntayensu kamar an zuba musu zinariya. A 2010 ya ƙirga tara. A 2022 saura biyu, mace da namiji.

Shi ya bi manoman fadama gida-gida har suka yarda a bar wani yanki mai dausayi ba noma, ba ƙona ciyawa. Ya ba da kunya goma sha biyu daga gonarsa. Bobbo, makiyayin da ke shayar da shanu a wurin, ya sauya musu hanya, amma bai fasa tsokana ba.

"Malam Tukur, yaushe za a ɗaura wa 'ya'yan naka aure? Mu zo da nono."

"Bari dai su yi ƙwai, Bobbo. Kai ne uban biki."

Da damina ta faɗi, tsuntsayen suka shiga tone shukar masara a gonakin maƙwabta. Wani ya rantse zai ɗana tarko. Aka zauna bayan sallar Juma'a, aka yanke cewa kowane gida ya kawo mudu guda na masara, Tukur ya riƙa watsa musu a bakin ruwa don su bar gonaki.

Mutane suka kawo abin da ke hannunsu, wato ragowar irin shuka, wanda aka cuɗe da jan maganin ƙwari. Mairama, matar Tukur, ta leƙa kwandon.

"Malam, wannan ko kaza ba na ba ta."

"Wankewa zan yi," in ji shi.

Ya wanke sau uku har ruwan ya fito fari. Ya shanya, ya watsa ranar Litinin da hantsi.

Ranar Laraba Bobbo ya tsinci macen a cikin ciyawa, wuyanta a lanƙwashe. Bai yi wasa ba ranar. Namijin ya yi kwana huɗu yana kewaya wurin yana kuka, sannan ba a ƙara ganinsa ba.

A bana an mayar da yankin gonar rake. Tukur bai hana ba, amma kunyoyinsa goma sha biyu suna nan, ciyawa ta rufe su. Duk safiya yakan je ya tsaya, ya duba, ya koma gida.