Rumbun Yaya Isuhu a Kusurwar Takarda

Shekara ashirin da huɗu ke nan, a wannan watan, da aka ɗauki Yaya Isuhu daga gidanmu na Tsibiri aka kai shi makwancinsa. Kowace shekara nakan yi masa addu'a, in soya masar sadaka in raba wa maƙwabta, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Tun makon jiya nake kai da kawowa tsakanin shagona da gida kamar wadda ta manta tukunya a kan wuta, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Ga wanda bai san shi ba, Isuhu yayana ne, ciki ɗaya, kuma mai zanen gine-gine ne. A ma'aikatar gwamnati ya fara. Da aka shiga zamanin jam'iyyu, yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, jibi a wayi gari rediyo na kiɗan soja, sai ofis ya koma wurin shan shayi. Yaya ba ya iya zaman kashe wando. Ya ajiye aikin, ya kama ɗaki ɗaya a unguwar Zariya ta Maraɗi, ya sa tebur mai faɗi, ya ce wannan shi ne bironsa, wato ofishinsa. Ni kuma lokacin na gama koyon buga takardu, ya ɗauke ni sakatariya. Kullum da safe a bayan babur ɗinsa muke tasowa daga Tsibiri.

A ƙasan kowane zanen gini, ta hannun dama, akwai ɗan akwati inda ake rubuta sunan mai gini da wurin ginin, a kuma sa tambarin wanda ya yi zanen. Tambarin Yaya rumbun babanmu ne, zaune a kan duwatsu uku. Da hannu yake zana shi, da alƙalami mai siririn baki, har sai ka ƙirga bunun da ke kansa. Kuma ba ya zana shi sai ya je filin da za a yi ginin, ya tona da fartanya tsawon hannu, ya murza ƙasar a tafinsa. Kafin nan akwatin fari yake zama, ko mai ginin zai yi fushi ya mutu. Maginan Maraɗi da yawa ba sa karanta Faransanci, rumbu suke karantawa. In sun gan shi sai su ɗauki diga, in ba su gan shi ba su koma inuwa.

Ni kuwa ban da tsiya ba abin da nake yi masa. Awa guda cur a kan rumbun da ba ko ƙwayar gero a ciki! Wata rana ya ce mini, ko kai bai ɗaga ba: “Ke kina ganin rumbu nika zanawa. Ni ko aikin nika sake dubawa.” Na yi dariya na wuce, don a lokacin gani nake babu mai wayona a duk Katsinar Maraɗi.

Sai kwamfuta ta zo, tsohuwa, wani abokinsa ɗan kasuwa ya kawo masa daga waje. Yaya ya koyi zane a cikinta da yatsa ɗaya, kamar mai tsoron kada ta cije shi. Ni kuwa sai ka ce a cikinta aka haife ni. Na zaɓi rumbun da ya fi kyau cikin tsofaffin takardunsa, na kai inda ake da na'urar ɗaukar hoton takarda, aka zuba mini shi a disket, ɗan faifan kwamfuta na lokacin. Kwana uku ina fama da hoton nan. Ya fito baƙi ƙirin, na gyara. Ya fito a miƙe kamar gora, na gyara. Ya hau kan lambobin awo, na janye shi. Daga ƙarshe na zaunar da shi daram cikin akwatinsa, a uwar takardar da ake buɗe kowane sabon zane da ita. Wani ɗan ɗigo ne kawai ya ƙi fita a ƙarƙashin dutsen tsakiya, ƙwayar rairayi ce da ta maƙale lokacin ɗaukar hoton. Daga ranar, duk zanen da aka buga da rumbu zai fito, an je fili ko ba a je ba. Ban faɗa masa ba, so nake in ba shi mamaki. Shi idonsa na kan bango da ginshiƙi, buga takarda kuwa aikina ne.

Cikin kwanakin nan wani Alhaji daga manyan gidajen fatauci ya nemi a zana masa sito a Jiratawa, kusa da gulbi. Yaya ya ɗauko zanen wani sito da ya taɓa yi a Zariya, ya ɗan sassauya shi don Alhaji ya ga siffar kawai, sai masassara ta kwantar da shi mako biyu a Tsibiri. Alhaji ya zo biro a gaggauce, ana ta raɗe-raɗin za a rufe iyaka, siminti zai yi wuya. Ya ce: “Ɗiyata, buga mini in gani da idona, ba wani abu ba.” Na buga, na naɗe, na miƙa masa da hannu biyu. Har wani daɗi na ji da na hangi rumbun a kusurwa.

Da Yaya ya warke, ya ɗaura fartanyarsa a babur ya tafi Jiratawa duba ƙasa. Ya tarar bango ya kai ƙirji. Tushen da aka zana don rairayin Zariya aka haƙa a lakar bakin gulbi, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani. Daga baya babban maginin ya ba ni labari. Ya ce Yaya ya tsayar da aiki, aka kira Alhaji, aka warware takarda a gaban Yaya, aka nuna masa kusurwa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: “Rumbuna ne. Laihin nawa ne. A rushe.” Aka rushe. Alhaji bai sake tako bironmu ba, haka ƙannensa da surukansa, kuma a garin nan in gida ɗaya na alhazai ya juya maka baya, ba shi kaɗai yake juyawa ba.

Da azahar ya dawo, laka har gwiwar wandonsa. Ya shimfiɗa takardar a gabana, ya sa yatsa a kan rumbun.

“Dije, da kinka sa wanga, kin tahi Jiratawa?”

Na ce a'a.

“To wa ya tahi?”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Har ya koma ga Allah, ƙasa da shekara biyu bayan haka, bai taɓa gaya wa kowa ni ce na yi ba. Ya sa na cire hoton daga uwar takarda, ya bar shi a disket ɗaya da yake yawo da ita a aljihun gaba. Sai dai magana zarar bunu ce. Kafin ranar mun riga mun ba mutane da dama zanensu a disket, kowanne da rumbu a ciki.

Yau ni ke da shagon buga manyan takardu, ba nisa da inda bironsa yake. Ban tsani na'ura ba, da ita nake ci, da ita na aurar da ƴaƴana. Amma nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya leƙo. A zamaninsa ma, da tamburan jam'iyyu suka cika bango da zannuwan mata, cewa yake kowa na son a ga alamarsa, ba mai son a kama shi da ita. Yanzu sai mutum ya shigo da ƴar kilensa, filashin da ake zuba zane a ciki, ya ce: “Hajiya, a sa mini tambari babba.” Minti ɗaya an gama. Benaye na ta tashi a Zariya, har kan hanyar Tsibiri inda muka san gonakin gero. Duk damina in na ji bango ya faɗi a wani wuri sai gabana ya faɗi tare da shi, in ce Allah sa ba daga shagona takardar ta fita ba. Da zai zauna ya koyi wannan saurin, ko da zai ɗauki fartanyarsa ya koma gona? Wallahi ban sani ba, kuma rashin sanin na damuna.

Makon jiya wani mai zane da ake kira Laminu, mutum mai ladabi, ya kawo zanen bene mai hawa biyu. Na buɗe, na gangara kusurwar dama don in daidaita takarda. Rumbu. Duwatsu uku. Sunan wani biro daban a ƙarƙashinsa. Na ƙara girman hoton har ya cika allo, sai ga ɗigon nan a ƙarƙashin dutsen tsakiya. Ƙwayar rairayina ce, ta shekara ashirin da shida tana yawo daga na'ura zuwa na'ura.

Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce wurin maigidansa, shi ma wurin wani ya gada. “Tsohhin magina na son shi, Hajiya. In sunka gan shi ba su gardama.”

Ashe har yau amanar mutumin da ke kwance a Tsibiri ake ci. Na tambaye shi ko ya je filin. Ya ce an turo masa hotonsa a waya. Na ja masa kujera, na ba shi labarin Jiratawa daga farko har ƙarshe, har da abin da ban taɓa faɗa wa mijina ba. Gani ya kori ji, na ce, je ka tona. Sannan na kai kibiyar kwamfuta kan rumbun babanmu, aikin hannun yayana, na goge shi. Laminu bai ji daɗi ba. Ya karɓi takardarsa ya hau kabu-kabu ba sallama mai kyau. Ko ya je filin, ko wani shago ya nufa aka mayar masa da hoton, ban da labari.

Abin da ke hana ni zama ke nan. Ɗaya na goge. Sauran nawa ne, a na'urorin wa, a kan ginin wa, su wa ke kwana a ƙarƙashinsa? Don haka ina roƙon duk mai zane ko magini da ya ga rumbu a kan duwatsu uku: mai shi ya rasu, bai ga filinku ba, bai murza ƙasarku ba. Kada ku ɗauki diga da sunansa.

Me ya rage na Yaya Isuhu? Gine-ginensa na nan tsaye, amma ba wanda ya san nasa ne. Disket ɗinsa na cikin akwatin kayana, ba sauran na'urar da za ta iya buɗe ta. Rumbun da na yi tsammanin shi zai raya sunansa ya zama rigar aro a jikin baƙi. Allah Ya yafe masa, Ya yalwata masa kabari, ni kuma Ya yafe mini wayona.

Ranar nan takarda biyu na buga, na ba Laminu ɗaya, na riƙe ɗaya. Tana manne a bangon shagona. Akwatin kusurwa ya fito fari fat, yana jiran wanda zai je ya tona ƙasa. Ina da hotunan Yaya a gida, na salla da na biki, amma babu wanda ya yi kama da shi kamar wannan akwatin da ba kome a ciki.