Ranar da Na Leƙa Madubin Likitar Dabbobi

Ko da zan manta da duk shekarun da na yi ina aiki a Nassarawa GRA, akwai wata safiya da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ni ke kula da lambu da dabbobi a gidan wani Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati. Can bayan gida, ƙarƙashin itatuwan mangwaro, yana da shanu huɗu da ake tatsa. Ni mutumin Jigawa ne, cikin shanu na tashi, don haka in na faɗi magana a kan dabba Alhaji ba ya musu. Ni na zaɓo masa wani ɗan bijimi jinsin waje da na gida, na ɗura masa dusa da harawa har ya zama in ya taso ƙasa na amsawa. Na rantse wa Alhaji cewa kafin shekara zai ga maruƙa.

Aka yi ta barbara, amma ko saniya ɗaya ba ta ɗauka ba. Alhaji mutum ne marar faɗa. Wata rana dai ya ce in nemo mahauci daga Tudun Wada. Na ji kunya ta rufe ni, ga tausayin dabbar da ke cin abinci a tafin hannuna. Na roƙe shi a fara kiran likita, ya amince.

Da likitar ta zo sai na ga mace ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. A raina na ce me wannan ta sani? Yau in na tuna wannan raini nakan yi wa kaina dariya. Ta buɗe bakin bijimin, ta nuna mini ko famfara bai fara ba. Ta zaro tef irin na tela ta auna marainansa, ni kuwa na kau da kai. Sannan muka ɗaure shi, ta ɗebi maniyyinsa da kayan aikinta, ta ɗiga a kan ɗan gilashi, ta sa a madubin nan mai ƙara girman abu da ta ajiye a barandar kicin.

"Baba, zo ka leƙa," in ji ta.

Na leƙa da ido ɗaya. Sai ga wasu halittu masu kai da wutsiya, kamar talibamban, jefi-jefi. Wasu wutsiyarsu a lanƙwashe, wasu suna kewaya wuri ɗaya, wasu ko motsi ba sa yi. Shekara hamsin ina tare da shanu, ban taɓa sanin akwai masu rai a cikin wannan ruwa ba.

Ta yi mana bayani cewa akwai wani ɗan ƙulli a gindin ƙwaƙwalwa da ke aika sinadari ta cikin jini zuwa maraina. Saƙon ne ke sa su girma, su ma su fitar da nasu sinadarin na mazakuta. Shi ke sa bijimi ya fara hawa, amma iri mai kyau yakan biyo baya ne sai an jima. Ta ce kitsen da na tara masa ma ya lulluɓe wurin yana dumama shi, alhali iri sanyi yake so.

"Yaro ne a jikin babba, Alhaji," ta ce. "Ku rage masa dusa, ku ba shi wata huɗu."

Alhaji ya dube ni, ya ce to, a bar maganar mahauci. Na rage dusa, kullum da hantsi ina jan bijimin mu kewaya gida. Ya faɗa kaɗan, wuyansa ya yi kauri, muryarsa ta buɗe.

Ranar da ta dawo, safiyar da nake ba ku labari ke nan, ta sake aunawa, tef ya ƙaru. Ta ɗiga, ta leƙa, sai ta matsa mini. Na sunkuya na leƙa. Gilashin nan ya cika maƙil, ba ka iya ware ɗaya daga ɗaya. Suna tafiya tare, suna murɗawa suna warwarewa kamar kogin Haɗeja in ya kawo. Duk a cikin ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Na ɗago ina ta tasbihi. Alhaji ma da ya leƙa, sai ya cire hularsa ya riƙe, ya daɗe a sunkuye.

Shanu uku suka ɗauka a wannan daminar. Ta farkon da ta haihu, da hannuna na goge ɗan.

Tun daga nan na daina yanke wa abu hukunci da girman jikinsa, dabba ne ko mutum. Na gane akwai aikin da Allah yake yi a ɓoye, a hankali, wanda ciyarwa ba ta hanzarta shi, gajen haƙurinmu ma ba ya yi. Na kuma daina cewa na san shanu.