Nura ya wanke shi, ni aka miƙa wa buta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura igiyar takalmi da safen nan waya ta shigo: Malam Hamisu ya rasu a gidansu na Rawayau.

Shi ya koya mini ilimin halittu a nan Dutsin-Ma, daga baya muka zama abokan aiki, ofis ɗaya. Lokacin da ba ni da ɗaki, a zaurensa nake kwana. Ranar da zan tsaya gaban ɗalibai karon farko, babbar rigarsa ya ara mini.

Wanda ya kira ni kuwa Nura ne, ɗalibin da ya zo bayana da shekaru. Shi ke gefensa har ya cika. Ni ba a neme ni ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, jama'a, kishi nake ji har yanzu da nake wannan rubutu.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ranar kasuwar Kurfi, na yi masa mitar cewa komai yanzu Nura, Nura. Ya yi dariya, ya nuna mini wasu 'yan awaki biyu suna ture juna a kan nonon uwarsu.

Ya ce, "Ɗanlami, a shekarun yunwa wanda bai iya turewa ba bai bar baya ba. Mu jikokin masu turewa ne. Haka Allah ya gina zuciya. Amma tausayi ma ta wannan hanyar ya zo mana, kar ka manta da shi."

Na ce, "Malam, lacca kuma a kasuwa?"

Yau da na isa, an riga an kewaye wurin wanka da zana. Yayan Malam ya riƙe hannuna ya ce, "Ya bar wasiyya Nura ya wanke shi. Kai ka zuba ruwa."

Na karɓi buta. Ina zubawa, hannun Nura ne a goshin Malam, Nuran yana kuka ba sauti. Na so in tambayi Malam dalili, babu wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙan Malam Hamisu, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku haɗa da ni, domin gobe ni da Nura za mu zauna kan tabarma ɗaya muna karɓar gaisuwa.