Saƙon da Bai Fita Ba

Ƙanena ne ya haɗa wa ƙungiyarmu ta manoman albasa shafin intanet. Ni karatuna a sakandare ya tsaya, amma da yake ni ne sakatare, sai ya koya mini gajerun umarni biyu da ake rubutawa a baƙin allon kwamfuta. Ɗaya na tura saƙon waya ga membobi duka, tun daga Bodinga har Horo Birni. Ɗayan na gwaji ne, don a tabbatar na farkon bai lalace ba.

"A gwaji ba a taɓa wayar kowa," in ji shi. "Na sa wani na bogi a madadin mai turawa. Shi zai karɓi saƙon, ya ce ya tura."

Na ce ban gane ba.

"Haba Yaya! In maraƙi ya mutu, ba fatarsa makiyaya ke cikawa da ciyawa ba, saniya ta shinshina ta saki nono? To, wanga ma haka na."

Na yi dariya, na ce ashe ƙarya ya je ya karanto.

Ranar wata Alhamis ya rasu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Kafin la'asar mun kai shi. Inna ta ce a sanar da mutanen da ya yi wa hidima a ƙauyukan Shagari, su zo addu'ar uku. Na buɗe kwamfutarsa, na rubuta sanarwar, na buga umarni. Layuka koraye suka jeru. Na ce mata an tura.

Ranar addu'ar muka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Dangi da maƙwabta suka zo. Daga Lambara, Mandera da Horo Birni ba ko mutum ɗaya. Inna ta jira har aka naɗe tabarmin. Sannan ta ce, a hankali, "Ashe ba su riƙe shi ba."

Na koma na duba allon. Umarnin gwaji na buga. Komai ya yi aiki yadda ƙanena ya tsara shi.

Na daɗe zaune kafin na iya shiga ɗakinta. Na durƙusa na ce, "Inna, ba su ji ba. Kuskurena ne."

Ta dube ni, ta share fuska da gefen mayafi.

"To tashi ka ɗauki babur. Ka fara da Lambara, ta fi kusa."